Zagayen keke daga Kura zuwa Tiga da Rano: bakin kanal, burji da gindin dutse

Auwalu Kura: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san kudancin Kano. Muna so mu tsara zagayen keke na yini ɗaya wanda kwalta ba za ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran duk burji da bakin kanal, kuma a ɗan taɓa hawa a gindin duwatsu. Tunanin shi ne a tashi daga Kura a bi ruwa har Tiga, a dawo ta Rurum, Rano da Bunkure. Kekunan gauraye ne. Biyu irin na burji ne masu lanƙwasasshen kai, taya mai lamba 700x38 (faɗinta milimita 38), sauran kekunan hawan dutse ne 'yan gwanjo masu taya inci 26. Wane wata ya fi, ta ina za a fara, me za a riƙe?

Injiniya Sabo: Wa alaikumus salam. Kafin maganar keke, ka fahimci yadda ruwan yake tafiya, domin shi ne taswirarka. Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, shi ke ba da ruwa ga babban kanal. Daga nan kanal ɗin ya rabu reshe biyu, na yamma ya nufi Garun Malam, Kadawa da Kura, na gabas ya nufi Bunkure. Kowane reshe yana haifar ƙananan kanal, su kuma su haifi 'yan magudanan da ke shiga fangali. Babban kanal da rassansa biyu an yi musu hanya a gefe don motar duba aiki, ita ce za ku bi. Da zarar ka ga kanal ɗin ya ƙanƙance har yaro na iya tsallake shi, ka san ka bar hanya. Irin wannan yakan ƙare a tsakiyar gonar wani, sai dai ka juyo.

Abu na biyu, hanyar ba kullum take ɓangare ɗaya ba. Wani wurin ta dama ce mai kyau, ta hagu ta zama turbar awaki, bayan gada kuma su yi musaya. Duk gadar da kuka iso, ku duba inda sawun babur ya fi yawa, can za ku bi. Kada wani ya ce zai tsallaka ta kan ƙofar ruwa da keke a kafaɗa.

Nura Rano: Zagayen da ka zana zai kai kilomita 100 ko ya haura idan an bi lanƙwasar kanal. A burji, da tsayawa da faci da sallah, ayari gauraye ba ya wuce kilomita 14 zuwa 16 a awa. Ka ga awa bakwai ke nan. Kuma ni a ganina ka juya shi. Ku fara ta Bunkure da asuba, ku gangaro Rano, ku yi Rurum zuwa Tiga, sannan ku dawo Kura ta bakin kanal.

Auwalu Kura: Me ya sa, Yaya Nura? Na ɗauka gara a fara da shimfiɗaɗɗiyar hanya jiki ya saki.

Nura Rano: Iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma sai hantsi take ƙarfi. Daga Tiga zuwa Rano gabas kake fuskanta da ɗan karkata arewa, wato tana dukan ƙirjinka kai tsaye, a daidai wurin da hawa da sauka suka fi yawa, a daidai lokacin da rana ta take. Idan ka juya, wannan yankin iskar tana bayanka, kuma ka ci duwatsun da sauran ƙarfi a ƙafarka. Komawa Kura daga Tiga za ka sha iska ta gefen dama, amma hanyar a kwance take, kana bin ruwa ne yana gangara, kuma da la'asar iskar takan lafa.

Injiniya Sabo: Na yarda da juyawar, amma kada a sa rai da gangarar kanal. An gina shi ne ruwa ya tafi a hankali, saukarsa 'yan santimita ne a kowace kilomita, sai wuraren da aka yi masa matakala. Ƙafa ba za ta ji wannan ba. Abin da za ta ji shi ne gargada.

Malam Habu Mai Gyara: To a nan ne zan shigo. Auwalu, hanyar nan ba hawa ne ke mayar da mutane gida a bayan a-kori-kura ba, ƙaya ce. Tsidau yana kwance a gefen hanya inda ba ka ganinsa, ɗan ƙarami ne mai ƙahoni, ko ta yaya ya faɗi ɗaya na kallon sama. Bagaruwa da farar ƙaya suna bakin ruwa. Mafi sharri ita ce aduwa, ƙayarta doguwa ce mai tauri, tana ratsa taya har ta gefe. Sai kuma reshen ƙaya da manoma ke sarowa su yi shinge, ya bushe, iska ta watso shi kan hanya. Ƙarangiya ba ta cika huda taya mai kauri ba, safa take lalatawa.

Doka ta farko: ku bi sawun babur, kada ku bi gefen ciyawa ko da ya fi laushi. Ta biyu: kada a jingine keke a inuwar aduwa ko bagaruwa, a ɗauke shi a hannu a ajiye a fili. Ta uku: duk inda aka tsaya, kafin a hau, a juya kowace taya a hankali a duba. Ƙayar da ta maƙale ba ta shige ba, mita ɗari na gaba ne za su tura ta ciki.

Ɗanjuma Kazaure: Maganin wannan duk an gama shi, Malam Habu. Taya marar tib, a zuba ruwan toshe huda mililita 60 zuwa 90 a kowace ƙafa. Tsidau ya shiga, ruwan ya toshe, ba ka ma san an yi ba. Kuma kana iya rage iska sosai ba tare da rim ya tsinke maka tib ba.

Malam Habu Mai Gyara: Ga mai sabon keke da rim ɗin da aka yi don haka, gaskiyarka. Amma ka faɗa masa sauran. Ruwan nan a zafinmu yana bushewa da wuri, wata biyu ka girgiza tayar ka ji shiru, ya zama danƙo. Duk wanda bai duba ba yana yawo ne da taya marar tib kuma marar kariya. Sannan idan tsakuwa ta yanka gefen taya, ruwa ba ya toshe yanka, dole ka sa tib, kuma kafin ka sa sai ka zare duk ƙayoyin da suka taru a ciki tun watannin baya, in ba haka ba sabon tib ɗin ba zai kai gada ta gaba ba. Su kuma 'yan gwanjon nan masu taya 26, rim ɗinsu ba na wannan aiki ba ne. Masu naɗa salatif su tilasta shi, ranar da tayar ta fita daga rim a gangara za su gane.

Abin da nake ba masu 26 shawara: tib mai bawul irin na mota, a kwance ƙwayar bawul ɗin da ɗan makullinta, a ɗura ruwan toshe huda kamar mililita 80 zuwa 100 a cikin tib ɗin, a mayar, a buga iska. Yana toshe hudar tsidau. Aibinsa ɗaya, ranar da za ka yi faci sai ka wanke wurin ya bushe ƙarau, in ba haka ba sholisho ba zai kama ba.

Baba Ilu: Ku yara da kayan zamani. Tsohon tib a tsaga shi a shimfiɗa tsakanin taya da sabon tib, haka masu kai madara da masu itace suke yi tun kafin a haife ku.

Malam Habu Mai Gyara: Allah ya ja kwana Baba, yana aiki, ba musu. Sai dai a yanke bawul ɗin tsohon gaba ɗaya, a gyara bakin yankan kada ya yi kaifi, a barbaɗa hoda. In an bar shi da kaifi shi da kansa zai ci sabon tib ɗin. Kuma yana ƙara nauyi a ƙafa, a hawan Rurum za a ji shi. Ga tsidau ya isa, ga aduwa bai isa ba.

Auwalu Kura: Masu 700x38 ɗin fa, idan taya ta yage a ƙauye za a samu?

Malam Habu Mai Gyara: Ba za a samu ba, kuma ga tarkon da ke ciki. Mai shago zai ce yana da taya 28, kai ma ka duba jikin taka ka ga an rubuta 28. Ba ɗaya ba ne. Ka nemi lambar da ke da tsaga a tsakiya. Taka za ta ce 38-622 ko 40-622. Ta keken Baba Ilu, wato 28 x 1½, lambarta 635. Milimita 13 ne tsakaninsu, ba za ta zauna a rim ɗinka ba ko me za ka yi. Ta 26 ɗin kekunan dutse 559 ce, ita ana samunta a garuruwa da yawa. Tib kam yana da haƙuri, na 28 zai shiga tayar 700 ya kai ka gida, in dai bawul ɗinsa ya shiga ramin rim ɗin.

Wannan ma wata matsalar ce. Rim ɗin kekunan burji yawanci raminsa na siririn bawul ne, kamar milimita 6 da rabi, na mota kuma yana son 8 da rabi. Famfon mai faci a ƙauye ba ya kama siririn. Akwai ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla da ake ɗaurawa a kansa ya koma irin na mota, ku saya ku bar shi a jikin keken. Kuma in za a buga muku iska da injin masu facin mota, a yi ta ɗan taɓawa ana sakewa. Tayar keke cikinta kaɗan ne, 'yan daƙiƙu sun isa ta fashe.

Ɗanjuma Kazaure: Maganar iska, kuskuren da kowa ke yi shi ne bugawa har taya ta zama dutse. A burji wannan yana rage gudu ne, keken na ta tsalle maimakon tafiya, hannu ya mutu. Mutum mai kilo 70 a taya 38 ko 40: da tib, a buga iska psi 38 zuwa 42 a baya, gaba a rage 3 ko 4. Marar tib, 32 zuwa 36. Taya 26x2.0 da tib, 30 zuwa 35. Psi ɗin shi ne ma'aunin iska na jikin famfo. Mai nauyi ko mai kaya ya ƙara. Idan ka cire tib ka ga huda biyu gefe da gefe, ba ƙaya ba ce, iska ce ta yi kaɗan rim ya matse tib a kan dutse. Huda ɗaya ta ɓangaren waje ƙaya ce. Huda ta ɓangaren ciki, wajen rim, ka duba kyallen da ke rufe kan sifok, ya goce.

Malam Habu Mai Gyara: Tunda an zo nan bari in faɗi yadda ake facin da ba ya tashi, don yawancin wanda ke tashi gaggawa ce ta tashe shi. Ka kankare wurin da samfefa ya fi facin faɗi. Sholisho kaɗan, shafi ɗaya siriri. Sai ka jira minti uku zuwa biyar har ƙyallinsa ya mutu, ka taɓa gefe ka ji ba ya bin yatsa. Sannan ka ɗora facin, ka danne da gindin sufana daga tsakiya zuwa baki. Kafin ka mayar, ka zagaya cikin tayar da auduga ko tsumma, ba da yatsa ba. Audugar za ta maƙale a kan ƙayar da ido bai gani ba. Facin wuta na masu babur kada a yi wa siririn tib, yana ƙona shi.

Nura Rano: Mu koma hanya. Daga Bunkure zuwa Rano akwai kwalta, amma in kuna son burji ku bi reshen gabas iya inda ya kai ku, sannan ku kama hanyoyin ƙauye. Da kun doshi Rano ƙasa za ta canza. Laka ta ƙare, an shiga jar marmara da tsakuwa, ga duwatsu a tsaye kamar an jera su. Hawan nan ba dogo ba ne, mita ɗari biyu, ɗari uku, amma yana zuwa a jere kuma kowane gangare yana ƙarewa ne a rafi mai yashi. Nan ake faɗuwa. Mutum ya taho da gudu, ƙafar gaba ta nutse, ya damƙe birkin gaba, shi ke nan.

Yadda ake shiga yashi: ka rage gudu tun kana kan tauri, ka sauya giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, ka ja jikinka baya kan sirdi, ka saki kan keken ya nemi hanyarsa, kada ka daina taka feda. Ka kalli inda za ka fita, ba ƙasan tayarka ba. Yashin da ya fi taku ashirin kuma ya bushe, masu 38 su sauka su tura, ba abin kunya ba ne. Masu 26x2.0 za su wuce su a nan.

Baba Ilu: Ni dai ban ga abin da giya goma sha ɗaya za ta yi wanda ƙafa ba za ta yi ba.

Ɗanjuma Kazaure: Baba a yi lissafi. Kekenka in gaba haƙori 44 ne baya 18, kowane juyin feda yana tura ka fiye da mita 5. A bakin kanal daɗi ne. A hawa mai tsakuwa dole ka miƙe tsaye, da ka miƙe nauyi ya bar ƙafar baya, ta fara sulɓi a wuri ɗaya. Mai 40 a gaba da 42 a baya, juyinsa mita 2 ne da ɗan kai, yana zaune yana hawa, tayar baya na riƙe da ƙasa. Wannan shi ne amfaninta, ba gudu ba. Auwalu, ku duba 'yan gwanjon nan: in ƙaramin faranti na gaba 28 ne, babban na baya 28, ɗaya da ɗaya ke nan, ya isa Rano da Rurum. Masu kekunan burji in nasu 34 ne da 28 irin na kwalta, za su sha wuya, su nemi mai 32 ko 34 a baya in giyar za ta ɗauka.

Baba Ilu: To na ji. Amma in ta karye a daji ni ne zan ja ku.

Malam Habu Mai Gyara: Baba bai yi ƙarya ba. Abin da ke karyewa shi ne hanga, ɗan ƙarfen nan mai laushi da giyar baya ke rataye a jikinsa. An yi shi ne ya lanƙwashe don firam ya tsira. Keke ya faɗi ta dama, ko kara ya shiga kaca, sai ya karkata ciki. Ba ka lura ba, ka sauya zuwa babban haƙori a hawa, giyar ta shige cikin sifok. Bayan kowace faɗuwa a tsaya a bayan keken a duba: ƙananan ƙafafun giyar biyu su kasance a miƙe ƙarƙashin haƙorin da kaca take kai. In sun karkata, kada a yi amfani da manyan haƙora biyu na ƙarshe har a dawo. Kowane keke da irin hangarsa, ba a aro. In ta karye gaba ɗaya, a cire giyar, a rage kaca ta zauna a haƙori ɗaya na tsakiya, a lallaɓa. Don haka dole ayari ya riƙe abin yanka kaca da mahaɗinta, kuma mahaɗin ya dace: na giya 8 daban, na 10 daban, na 11 daban.

Sai alanki, wato makullin noti mai kusurwa shida, lamba 4, 5 da 6. Gargada tana kwance noti. Kariyar ɗora kaya, mariƙin gora, sirdi, duk a bi su kafin a fita, a sake bi a Tiga.

Musbahu Auyo: Ba wanda ya yi maganar mai a kaca. Ƙurar hunturu da baƙin mai in suka haɗu, abin wasa wuƙa ka haɗa.

Malam Habu Mai Gyara: Sosai. Baƙin man inji shi ne ke cinye firwil a ƙasar nan. A wanke kaca da kananzir, ta bushe, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya, a bar shi ya shiga, sannan a goge na waje har tsumma ya daina baƙi. Man da ke ciki ne ke aiki, na waje ƙura kawai yake kira. Kuma a kiyaye kada ko ɗigo ya taɓa faifan birki, in ya taɓa, birkin zai yi ta kuka ba ya kamawa, kuma takalmin birkin ya tashi aiki.

A auna kaca da ruler: gaɓa 12 cikakku (cikakkiya ita ce ta ciki da ta waje a haɗe) inci 12 ne daidai, daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar ƙusa. In ta ƙaru da milimita ɗaya da rabi, a canza. In an bari ta kai uku, sabuwar kaca za ta yi ta tsalle a kan tsofaffin haƙora, sai an canza duka.

Ɗanjuma Kazaure: Ko a dafa ta a kyandir. A wanke ta tas ba ɗigon mai, a narka farin kyandir a gwangwani a cikin tukunyar ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba don yana kamawa, a tsoma minti goma ana motsawa, a rataye. Ƙura ba ta zama a kanta. Kilomita 200 zuwa 300 a sake. Da damina kam ba ya jurewa, ruwa ɗaya ta fara tsatsa.

Injiniya Sabo: Damina ma ku cire ta daga lissafi a yankin kanal. Ƙasar Kadawa da Kura in ta sha ruwa tana kama taya, ta taru a fok har ƙafa ta daina juyawa, tarakta kuma ta bar ramuka da za su daskare su zauna har rani. Keken da bai da sararin milimita 6 tsakanin taya da firam ko da rani zai wahala, domin ko a Janairu za ku tarar da wuraren da ruwa ya ɓalle ya malale hanya. Lokacinku daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu. Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, wannan zagayen ba na lokacin ba ne.

Ku kuma tuna hanyar ta masu aiki ce. Za ku haɗu da tiyo a shimfiɗe daga injin ban ruwa, a tsallaka shi a miƙe, ko a ɗaga keke in na leda ne mai laushi. Za ku tarar da shanyar shinkafa ko tumatir, a sauka a zagaya. Lokacin kwasar tumatir motoci da babura masu kwanduna suna tururuwa zuwa kasuwar Kwanar Gafan tun safe, ba sa ganin keke, ku ba su hanya ta ɓangaren gona, ba ta ɓangaren ruwa ba. Bangon babban kanal siminti ne a karkace, ga gansakuka, wanda ya zame ciki ba shi da abin kamawa, ruwan kuma ya fi yadda ake ganinsa ƙarfi.

Malama Binta: Injiniya ya kawo ni inda nake jira. Don Allah kada zafi ya sa wani ya ce zai yi wanka ko alwala a kanal ko a bakin dam. Tsargiya tana nan a yankunan noman rani. Ƙwayar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi, ta shiga ta fata, ba sai an sha ba. Wanda ya ga jini a ƙarshen fitsari bayan makonni ya je asibiti a gwada, akwai magani, praziquantel, ana ba da shi gwargwadon nauyin mutum. Shan ruwan kuma babu maganarsa, a nan ake wanke goyon feshi.

Ruwan sha, ku lissafa leda ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kowace awa da sanyi, wato rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu. Hunturu yana ruɗi, gumi na bushewa nan take, mutum ya ɗauka bai yi ba. Kowa ya tashi da lita biyu a jikin keke, a cika a Bunkure, Rano da Tiga. Gora ɗaya ta zama ta gishiri da sukari: ƙullin ORS ɗaya a lita ɗaya, ko ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokalin na gishiri, shi ma a lita ɗaya. Wanda ya fara ciwon kai, jiri, ko ya daina fitsari, a zaunar da shi a inuwa. In ya fara sambatu, a jiƙa shi da ruwan leda a nemi mota, ba a jira.

Auwalu Kura: Mun gode Malama. Abinci fa?

Malama Binta: Kaɗan-kaɗan kowace awa, tun kafin yunwa. Dabino, ƙuli-ƙuli, gurasa, ayaba. Fura mai nauyi a bar ta sai an sauka, in an sha a Tiga barci za a ji a hanyar dawowa.

Musbahu Auyo: Wanda ke son kanal zalla ba dutse ya zo wajenmu, aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja. Shimfiɗe yake, sai dai da ka bar bakin kanal rairayi ne, tayar da faɗinta bai kai milimita 45 ba ba ta da daɗi. Inda kacalla ta cika kuma hanya takan ɓace.

Ɗanjuma Kazaure: Dutse kuma Kazaure da Roni. Amma tsakuwar can farar nan ce mai kaifi, gefen taya take yanka. A riƙe guntun tsohuwar taya da aka yanke wa waya, ko ledar buhun siminti a ninka, a sa ta ciki a toshe yankan kafin a sa tib.

Auwalu Kura: Wani a cikinmu yana cewa a ƙara kwana ɗaya a wuce Riruwai.

Nura Rano: Riruwai wata tafiya ce daban. Can ne ƙasar Kano ta fi tudu, duwatsun sun haura mita 1,000, hawan na gaske ne, ga tsofaffin ramukan kuza da ciyawa ta rufe, ba a barin turba. Amma hanyar daga Tudun Wada ta cikin dajin Falgore take bi, kuma ba wanda zai ba ku shawarar ratsa shi a keke. A sa kekuna a mota da rana, a sauka a can, a fara gaida mai gari, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a tambayi halin da ake ciki a satin, ba labarin bara ba.

Ko a zagayen Tiga ɗin ma, in kun iso dam ku tambayi masu gadi kafin ku hau kan bango ko ku ɗaga waya. In kun haɗu da garke a burtali, ku tsaya gefe ɗaya dukanku, kada ku raba shanun biyu. Karen ruga in ya biyo ka, sauka ka sa keken tsakaninku ka kira mai shi, gudu ne ke ƙara masa.

Injiniya Sabo: Taswira: hanyoyin gefen kanal da yawa ba sa cikin taswirar waya, amma a hoton tauraron ɗan'adam suna fitowa sarai. Ka zana layin a gida, ka sa alama a kowace gada, ka sauke shi a waya biyu don akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa. Hoton yana iya zama tsoho, saboda haka kafin ranar mutum ɗaya ya bi yankin Tiga zuwa Kadawa a babur ya tabbatar da gadojin.

Auwalu Kura: To ga abin da na rubuta. Disamba ko Janairu, tashi bayan asuba, Bunkure, Rano, Rurum, azahar a Tiga, dawowa ta reshen yamma. Kowa tib biyu na girman tayarsa, ayari kuma famfo biyu, faci, abin yanka kaca, alanki. Malam Habu, kekunan 26 ɗin zan kawo maka su a ɗura ruwan toshe hudan.

Malam Habu Mai Gyara: Kawo su da sati ɗaya a gaba, ba ana gobe ba, don in tib zai yi tsiya ya yi ta a gida. Ka haɗo da fitilar gaba da ta baya ko da kuna sa ran isowa da rana, faci uku sun isa su kai ku magariba, kuma in kanal ya fito da ku titin Zariya a duhu ba fitila, manyan motoci ba za su gan ku ba. Waɗanda birkinsu na roba ne a rim, ka duba min robar tun yanzu, in layukan jikinta sun shafe ka sayo sababbi ka taho da su, nan ba kullum ake samun masu dogon ƙarfe ba.